Elizabeth Magie

Elizabeth J. Magie, wadda aka fi sani da Lizzie Magie (an haife ta ranar 9 ga watan Mayu, 1866, ta mutu ranar 2 ga watan Maris, 1948), 'yar ƙasar Amurka ce mai ƙirƙirar wasannin allo da na kati, marubuciya, kuma mai fafutukar neman 'yancin mata. Ita ce ta ƙirƙiro wasan The Landlord's Game, wato wasan mai gidan haya, wanda gwamnatin Amurka ta ba ta takardar mallakarsa a shekarar 1904. Daga wannan wasa ne aka samo Monopoly, ɗaya daga cikin wasannin allo da aka fi sayarwa a duniya. Magie ta tsara wasan ne don ta nuna wa jama'a yadda tara filaye a hannun mutane ƙalilan yake azurta masu fili yana tsiyata 'yan haya. Sai dai kusan shekara arba'in kamfanin da yake sayar da Monopoly yana danganta ƙirƙirarsa ga wani mutum dabam mai suna Charles Darrow, kuma sai bayan mutuwarta ne wata shari'a ta fito da sunanta fili.

Farkon rayuwa

An haifi Magie a garin Macomb da ke jihar Illinois, shekara guda bayan ƙarewar yaƙin basasar Amurka. Sunan mahaifiyarta Mary Jane Ritchie. Mahaifinta, James K. Magie, ɗan jarida ne mai adawa da cinikin bayi, kuma yana cikin waɗanda suka raka Abraham Lincoln zagayen jihar Illinois a shekarar 1858, lokacin da Lincoln yake muhawara da Stephen Douglas a kan batun bauta. Gidansu gida ne da ake yawan zancen siyasa, kuma ta hannun mahaifin nata ne ta fara sanin littafin Progress and Poverty na Henry George, littafin da ya zama ginshiƙin tunaninta har ƙarshen rayuwarta.

Daga baya iyalin suka koma yankin birnin Washington. A can Magie ta koyi aikin tafireta da rubutun gaggawa, sana'ar da a lokacin ta fara buɗe wa mata ƙofar aikin ofis. Ta yi aiki a sashen gidan waya na ƙasa da ke kula da wasiƙun da aka rasa masu su. Da yamma kuma tana rubuta waƙoƙi da gajerun labarai, tana fitowa a wasan kwaikwayo na dandamali, inda aka san ta da iya barkwanci. A shekarar 1892 ta buga littafin waƙoƙinta mai suna My Betrothed and Other Poems. Ɗaya daga cikin gajerun labaranta, The Theft of a Brain, ya fito a mujallar Godey's, kuma labari ne na wata marubuciya da wani ya sace mata basira ya buga da sunansa.

A shekarar 1893, tana kimanin shekara 26, ta samu takardar mallakar ƙirƙira ta farko, a kan wata na'ura da take sauƙaƙa shigar da takarda cikin tafireta. A wancan zamani abin da mata suke samu a cikin irin waɗannan takardu a Amurka bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Da ɗan albashinta ta sayi gida na kanta a Brentwood, jihar Maryland, kusa da Washington, abin da ba kasafai macen da ba ta da aure take yi ba a lokacin.

Ra'ayin Henry George

Ba za a fahimci wasan Magie ba sai an san abin da Henry George (1839 zuwa 1897) ya koyar. A littafinsa na shekarar 1879, George ya yi tambaya a kan dalilin da ya sa talauci yake ƙaruwa a biranen da arziki yake bunƙasa. Amsarsa ita ce fili. Duk abin da mutum ya gina ko ya noma da guminsa nasa ne, amma ita ƙasa ba wanda ya halicce ta a cikin mutane, kuma darajar fili ba mai filin ne yake ɗaga ta ba. Idan gari ya cika, aka shimfiɗa titi, aka kafa kasuwa da makaranta, sai kuɗin filin da ke kusa ya ninka, ko da mai shi bai ɗora bulo ɗaya a kai ba. Wannan ƙarin, a ganin George, na jama'a ne domin su suka haifar da shi.

Saboda haka ya ba da shawarar a soke harajin da ake ɗora wa aiki da ciniki da gine-gine, a bar haraji guda ɗaya tak a kan darajar fili. Mabiyansa suna ganin hakan zai hana mutane sayen fili su ajiye suna jiran ya yi tsada, kuma zai samar wa hukuma kuɗin yi wa jama'a aiki. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai, kuma a zaɓen magajin garin New York na 1886 George ya zo na biyu, a gaban Theodore Roosevelt wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa. Bayan mutuwar George a 1897, mabiyansa suka shiga neman hanyoyin ci gaba da yaɗa ra'ayin. Hanyar da Magie ta zaɓa ita ce wasa, domin tana ganin abin da mutum ya taɓa da hannunsa ya fi zama masa a rai fiye da abin da ya ji a lacca, musamman yara.

The Landlord's Game

Magie ta bayyana wasan a mujallar Single Tax Review a 1902. Ta nemi takardar mallaka ranar 23 ga Maris, 1903, aka ba ta ranar 5 ga Janairu, 1904, mai lamba 748,626.

Allon wasan murabba'i ne, da gidaje arba'in a jere a gefensa. Yawancin wasannin allo na lokacin tsere ne daga mafari zuwa maƙura, amma a nata ana ta zagayawa ne, ana jefa ƙwayoyi biyu masu ɗigo irin na ludo. Mafi yawan gidajen filaye ne, kowanne da kuɗin sayensa da kuɗin hayarsa. Akwai layin dogo huɗu, ɗaya a tsakiyar kowane gefe, da kamfanin ruwa da na wuta, da gidajen da ake biyan kuɗin abubuwan da ba makawa sai da su, kamar burodi da gawayi da sutura da matsuguni. A kusurwa ɗaya akwai gidan yari, a wata akwai filin shaƙatawa na jama'a tare da gidan gajiyayyu. Wanda ya taka filin da aka hana shiga sai a kai shi gidan yari, kuma ba ya fita sai ƙwayoyinsa biyu sun nuna lamba iri ɗaya ko ya biya tarar dala 50. Duk wanda ya kammala zagaye ɗaya yana karɓar dala 100 a matsayin ladan aikinsa. Kusan duk waɗannan abubuwa suna nan a Monopoly na yau.

Babban abin da ya bambanta wasanta shi ne dokoki iri biyu da ta tsara wa allo ɗaya. A tsari na farko kowa yana neman tara filaye ne, yana karɓar haya daga abokan wasa har su karye. A tsari na biyu, wanda daga baya ta sa wa suna Prosperity, kuɗin hayar fili yana shiga baitulmali ne, a yi amfani da shi a sauƙaƙa wa kowa kuɗin jirgi da ruwa da wuta, a kuma ƙara ladan aiki. A bugun 1932, wannan tsari yana ƙarewa ne idan wanda ya fi kowa ƙarancin kuɗi ya ninka abin da ya fara da shi, kuma a nan kowa ya ci. Masu wasa suna iya jefa ƙuri'a a tsakiyar wasa su sauya daga wannan tsari zuwa wancan. Manufarta ita ce su ga bambancin da idonsu.

Chicago da tallan gwanjo

A shekarar 1906 Magie ta koma Chicago. A shekarar ce ita da wasu mabiya George suka fitar da wasan kasuwa ta hannun kamfanin Economic Game Company na New York. A shekarar ce kuma sunanta ya karaɗe jaridun Amurka saboda wani dalili dabam. Albashinta na tafireta dala 10 ne a mako, kuma ba ya isar ta. Sai ta sayi fili a jarida ta buga talla tana sa kanta a gwanjo a matsayin baiwa, ga duk wanda ya fi tayi mai tsoka. 'Yan jarida suka yi ta tururuwa wurinta, ita kuma ta bayyana musu cewa ta yi hakan ne don ta nuna halin da mata ma'aikata suke ciki, waɗanda albashinsu ba ya riƙe su, har aure ya zame musu hanyar samun abinci kawai. Bayan wannan ta samu aikin jarida na ɗan lokaci.

A 1910, tana shekara 44, ta auri Albert Wallace Phillips, ɗan kasuwa. Tun daga nan takardunta suke ɗauke da sunan Elizabeth Magie Phillips. A wannan shekara kamfanin Parker Brothers na garin Salem a jihar Massachusetts ya buga wani wasan kati na barkwanci da ta ƙirƙiro, mai suna Mock Trial, amma bai karɓi The Landlord's Game ba. A 1913 aka buga wani nau'in wasan a Scotland da sunan Brer Fox an' Brer Rabbit.

Yadda wasan ya bazu

Wasan bai yi wani babban ciniki a kanti ba, amma ya bazu daga hannu zuwa hannu. Mutane suna zana allonsu a kan katako ko ƙyallen shimfiɗa tebur, suna sa sunayen titunan garinsu. An yi ta buga shi a Arden, jihar Delaware, ƙauyen da mabiya George suka kafa a 1900. Scott Nearing, wanda ya zauna a Arden, ya yi amfani da shi wajen koyar da tattalin arziki a Jami'ar Pennsylvania, kuma ɗalibai suka kai shi wasu jami'o'i. A hankali aka fara haɗa filaye rukuni-rukuni, ana gina gidaje a kansu don haya ta ƙaru, aka kuma fara kiran wasan da sunan monopoly, kalmar da take nufin mamaye kasuwa a hannun mutum ɗaya. Tsarin raba arziki kuwa sai aka yi ta barin sa a baya, domin masu wasa sun fi jin daɗin karya abokan wasansu.

Wa'adin takardar mallakarta ta farko ya ƙare a 1921. Bayan ita da mijinta sun dawo yankin Washington, ta sake gyara wasan ta samu sabuwar takarda mai lamba 1,509,312 a watan Satumba, 1924. A 1932 kamfanin Adgame na Washington ya buga shi da dokokin nan iri biyu. A shekarar kuma Daniel Layman ya fitar da wani nau'insa a Indianapolis da sunan Finance.

Wata malamar makaranta mai suna Ruth Hoskins ta koyi wasan a Indianapolis, ta kai shi Atlantic City a jihar New Jersey, inda take koyarwa a makarantar mabiya ɗarikar Kirista ta Quaker. Jama'ar wannan ɗarika suka sa wa allon sunayen titunan garinsu, suka kuma yanka wa kowane fili tsayayyen farashi. Wannan nau'i ne Charles Todd ya koya wa Charles Darrow a Philadelphia a farkon shekarun 1930.

Darrow da Parker Brothers

Darrow mai tallan na'urorin ɗumama ɗaki ne da ya rasa aikinsa a lokacin babban karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929. Ya nemi Todd ya rubuta masa dokokin, ya sa aka ƙawata zanen allon, ya fara sayarwa da sunan Monopoly, har kantin Wanamaker na Philadelphia ya karɓa. A allon Todd an yi kuskuren rubuta sunan unguwar Marven Gardens, aka rubuta Marvin Gardens, kuma wannan kuskure ya bi allon Darrow, yana nan a bugun Amurka har yau. Daga baya ya zama ɗaya daga cikin hujjojin da suka nuna inda Darrow ya kwafo wasan.

A 1935 Parker Brothers ya sayi wasan daga Darrow bisa yarjejeniyar ba shi kaso a kan kowane kwafi. Da kamfanin ya gano akwai wasanni makamantansa da suka riga shi, sai ya shiga sayen haƙƙinsu ɗaya bayan ɗaya. A watan Nuwamba, 1935, George Parker, wanda ya kafa kamfanin, ya je wurin Magie da kansa. Ta sayar masa da takardar mallakarta ta 1924 a kan dala 500, ba tare da wani kaso daga ciniki ba, bisa alkawarin za a buga The Landlord's Game da wasu wasanninta biyu. Ta yi murna da cinikin a lokacin, domin tana zaton babban kamfani zai kai ra'ayin George cikin gidajen Amurka. Ranar 31 ga Disamba, 1935, aka ba Darrow takardar mallakar Monopoly mai lamba 2,026,082.

An sayar da kwafi 278,000 na Monopoly a shekarar farko, da sama da 1,750,000 a shekara ta biyu. Kamfanin ya tallata shi da labarin mutumin da ya rasa aiki ya ƙirƙiro wasa a gidansa ya ceci iyalinsa, labarin da ya dace da halin da jama'a suke ciki. A watan Janairu, 1936, Magie ta yi hira da jaridun Washington Post da Evening Star, ta nuna allunanta na da, ta kuma bayyana cewa abin da ta kashe wa lauyoyi da masu buga wasan ya fi abin da ta samu. Hirar ba ta sauya komai ba. Kamfanin ya fitar da wasanninta biyu, Bargain Day da King's Men, a 1937, sannan The Landlord's Game a 1939, amma bai tallata su sosai ba, kuma ba su daɗe a kasuwa ba. Darrow kuwa ya zama miloniya, ya mutu a 1967.

Ƙarshen rayuwa

Mijinta ya mutu a 1937, kuma ba su haihu ba. Ta ci gaba da zama a jihar Virginia, ta kuma yi aikin tafireta a ofishin ilimi na gwamnatin tarayya. A ƙidayar jama'a ta 1940 an rubuta sana'arta a matsayin mai ƙera wasanni, a gurbin kuɗin shiga kuma aka rubuta sifiri. Ta mutu ranar 2 ga Maris, 1948, tana da shekara 81, aka binne ta kusa da mijinta a maƙabartar Columbia Gardens da ke Arlington. Sanarwar mutuwarta ba ta ambaci Monopoly ba, haka ma rubutun da ke kan kabarinta.

Shari'ar Anspach da dawowar sunanta

A 1973 Ralph Anspach, malamin tattalin arziki a jami'ar jiha da ke San Francisco, ya fitar da wani wasa mai suna Anti-Monopoly, inda masu wasa suke wargaza kamfanonin da suka mamaye kasuwa. Kamfanin General Mills, wanda ya mallaki Parker Brothers a lokacin, ya ƙalubalance shi a kan amfani da sunan, aka shiga kotu a 1974. Wajen neman hujjar kare kansa, Anspach ya bi sawun tsofaffin da suka buga wasan kafin 1935, ya samu allunan da aka zana da hannu, ya samu shaidar Charles Todd, ya kuma gano takardun mallakar Magie guda biyu.

Da farko ya sha kaye, har aka binne kwafi kusan 40,000 na wasansa a wani juji a jihar Minnesota. A 1982 kotun ɗaukaka ƙara ta ba shi gaskiya, a 1983 kuma Kotun Ƙoli ta ƙi sauraren ƙarar da kamfanin ya ɗaukaka. Majalisar dokokin Amurka ta gyara dokar alamar kasuwanci a 1984, daga baya ɓangarorin biyu suka sasanta, sunan Monopoly ya ci gaba da zama na kamfanin. Amma bayanan da aka gabatar a kotu sun riga sun rushe labarin cewa Darrow shi kaɗai ya ƙirƙiro wasan. A 2015 'yar jarida Mary Pilon ta buga littafin The Monopolists a kan wannan tarihi, a 2023 tashar PBS ta nuna shiri a kansa, a 2024 kuma jaridar New York Times ta buga tarihin rayuwar Magie a jerin mutanen da ba ta yi ta'aziyyarsu ba a lokacin da suka mutu. Tun 1991 Monopoly yana hannun kamfanin Hasbro.

Alaƙa da Najeriya

Monopoly ya shiga ƙasashen da Birtaniya ta yi wa mulkin mallaka ne galibi ta bugun Ingila, wanda kamfanin Waddingtons na garin Leeds ya fara fitarwa a 1936 da sunayen titunan Landan. Wannan kamfani ne kuma ya daɗe yana sayar da katin Whot, wanda ake bugawa a ko'ina a Najeriya tare da ludo da dara. A watan Disamba, 2012, kamfanin Bestman Games ya ƙaddamar da Monopoly na birnin Legas, na farko da aka yi wa wani birni a Afirka. A allon, Banana Island ne fili mafi tsada, Makoko kuma mafi araha.

Ra'ayin da Magie ta gina wasanta a kai ya taɓa Arewacin Najeriya ta wata hanya dabam. A zamanin gwamna Percy Girouard, wanda ya riƙe Arewa daga 1907 zuwa 1909, an kafa kwamitin filaye na Arewacin Najeriya a Landan a 1908, kuma cikin mambobinsa akwai Josiah Wedgwood, ɗan majalisar Birtaniya da aka sani da bin koyarwar Henry George. Aikin kwamitin ne ya haifar da dokar filaye ta 1910, wadda ta sa dukkan filayen Arewa ƙarƙashin ikon gwamna, da sunan riƙe su don amfanin 'yan ƙasa baki ɗaya. Masana tarihi suna ganin tasirin George a wannan doka. Tsarinta ya ci gaba a dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962, kuma ana ɗaukar sa a matsayin tushen dokar amfani da filaye ta 1978, wadda ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta a matsayin amana.

Wasanninta

The Landlord's Game: takardar mallaka a 1904 da 1924, an buga shi a 1906, 1932 da 1939.

Mock Trial: wasan kati, Parker Brothers, 1910.

Bargain Day: wasan allo a kan sayayya a kanti, Parker Brothers, 1937.

King's Men: wasan allo na dabara, Parker Brothers, 1937.